Zanen Jiki da Ƙofar Neman Abinci

Daga cikin al'amuran da wannan zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su taɓa tsammanin za su shiga zancen ɗaukar ma'aikata ba, akwai zanen nan da samari da 'yan mata ke yi wa fatar jikinsu da allura da tawada, wanda Turawa ke kira tatu, malaman fiƙihu kuma suka san shi da sunan washmu tun farkon Musulunci. Ko da yake wani zai ga kamar mas'alar ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba, duk wanda ya lura da yawan matasan da ke kai takardunsu ofisoshi da barikoki suna komowa hannu rabbana, ya kuma san cewa a cikinsu akwai wanda ba abin da ya kayar da shi face 'yar alamar da ya sa aka yi masa a dantse tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, zai yarda cewa magana ce da ta shafi abubuwa biyu masu nauyi, watau jikin ɗan Adam wanda amana ne a hannunsa, da abincinsa wanda rayuwar iyalinsa ta rataya a kai. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, kafin allura ta taɓa fata, haƙƙin yaro ne a kanmu mu yi masa gargaɗi mai ƙarfi ba tare da kwana-kwana ba; bayan kuwa ta riga ta taɓa, haƙƙinsa ne a kan mai ɗaukar aiki ya auna shi da ma'aunin iyawa da amana, kada ya rufe masa ƙofar halal saboda abin da ya riga ya wuce.

Ya kamata mu fara sanin abin da ya sa wannan zane ya bambanta da sauran kwalliya. Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda ido ke gani, kullum cikin saɓa yake, yana zubewa wani na maye gurbinsa cikin 'yan makonni, kuma dalilin ke nan da ya sa lallen da amarya ta ƙunsa, komai kyansa, ba ya wuce mako biyu ko uku sai ya kama gushewa. Allurar mai zane kuwa tana ratsa wannan hawa ta ajiye tawada a hawan da ke ƙarƙashinsa, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke taruwa su haɗiye ta da nufin kawar da ita, su kasa narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin, in sun mutu wasu su gaje ta, haka har ƙarshen rayuwa. Tun da wani Ba'amurke mai suna Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a birnin Niyu Yok a shekarar 1891, aikin da a dā ke cin kwanaki ya koma na sa'o'i kaɗan, har ya zama shawarar da yaro ya yanke da hantsi tana iya tabbata a jikinsa kafin la'asar, ta kuma bi shi zuwa kowane ɗakin ganawa da zai shiga neman aiki har ya tsufa.

Al'adar kanta tsohuwa ce ƙwarai, domin gawar nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a shekarar 1991, wadda masana suka ƙiyasta ta haura shekara 5,000, an ƙirga zane 61 a jikinta. Sai dai hukuncin da mutane ke yanke wa mai zane yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, da kuma daga ƙarni zuwa ƙarni. Yariman Ingila wanda daga baya ya zama Sarki Joji na Biyar ya sa an yi masa zane a hannu sa'ad da ya ziyarci Jafan a 1881, kuma hakan bai hana shi gadon sarauta ba. Alhali a wannan zamanin ne wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa littafinsa na 1876 inda ya lissafa zanen jiki cikin alamomin da ake gane mai laifi da su, bayan da ya yi ta duba jikin fursunoni da sojoji. Ilimi ya daɗe da watsar da ra'ayin Lombroso, amma zaton da ya shuka, cewa fata mai zane tana nuna zuciya mai mugun nufi, ya zauna a zukatan masu ɗaukar ma'aikata na Turai da Amurka kusan shekara ɗari, har ya zama wanda ke da zane a inda riga ba ta rufewa ba ya sa rai da aikin banki, ko koyarwa, ko wani aiki na tsayawa gaban jama'a.

A 'yan shekarun nan ne al'amarin ya juya a can. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan mutane a Amurka suna da zane aƙalla ɗaya, kuma mata sun fi maza, kashi 38 a kan kashi 27. To, in mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da abu, mai kamfanin da ya ce ba zai ɗauki mai shi ba ya rage wa kansa ma'aikata da hannunsa. Saboda haka kamfanin Starbucks ya sassauta dokarsa a 2014, Disney ya bi sahu a 2021, kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic kuma ya yarda ma'aikatan cikin jirgi su bayyana zanensu a 2022. 'Yan sandan birnin Landan, waɗanda aka haramta wa zanen da ke bayyane a 2012, sun ga an sassauta musu a 2018. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta tsananta sharuɗɗanta a 2014, ta janye mafi yawansu a 2015, sa'an nan a watan Yuni na 2022 ta halatta ƙaramin zane a bayan hannu, da bayan kunne, da ƙeya, aka ƙayyade girmansa da inci ɗaya ko biyu, fuska kuwa aka bar ta a kan haramci. A wannan shekara ce rundunar ta nemi sababbin sojoji 60,000 ta rasa kimanin 15,000 daga ciki. Wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma zai gane cewa larura ce ta kawo sassaucin, kuma inda ma'aikaci ya yi ƙaranci, mai neman ma'aikaci shi ne ke rusunawa.

Masana sun kuma gwada zaton nan na dā da ma'aunin bincike. A 2018, Farfesa Michael French na Jami'ar Mayami da abokan aikinsa biyu suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutane kimanin 2,000 a Amurka, ba su kuwa sami shaidar cewa masu zane sun fi sauran rasa aiki ko samun ƙaramin albashi ba. A wajen maza ma, sai suka ga masu zanen sun ɗan fi samun aiki. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan wanda ke ɗaukar zane alamar lalaci ko rashin amana. Amma kada matashi ya karanta ta da gaggawa, domin a Amurka aka yi binciken, a tsakanin mutanen da abin ya zama ruwan dare a wurinsu, kuma ko a can ɗin, zane a fuska da wuya da yatsu har yanzu yana rufe ƙofofi da yawa, ballantana wanda ke ɗauke da batsa ko alamar ƙiyayya. Doka ma ba ta tsaya wa mai zane ba. Dokar haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta hana wariya a wurin aiki saboda launi, da jinsi, da addini, da asali, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ita ma ta lissafa nata sharuɗɗan, kuma babu zanen jiki a cikin ko ɗaya. Sai fa in zanen na addini ne, kamar yadda ya faru a 2005, sa'ad da kamfanin gidajen abinci na Red Robin ya yarda ya biya dala 150,000 ga wani ma'aikaci da ya kora saboda ya ƙi rufe rubutun addininsa da ke wuyan hannunsa.

In muka juya gabas kuwa, za mu tarar da wata duniya dabam. A Jafan, tun daga 1720 hukuma ta riƙa yi wa masu laifi zane a goshi ko a hannu don a san su, daga baya aka haramta zanen ado baki ɗaya a 1872, ba a ɗage haramcin ba sai 1948, kuma a tsakanin nan 'yan ƙungiyoyin miyagun laifuffukan nan da ake kira yakuza suka mayar da shi tambarinsu. Har gobe gidajen wanka da wuraren ninƙaya da yawa a ƙasar ba su barin mai zane ya shiga. A 2012 magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, ya sa aka tambayi ma'aikatan birnin sama da 30,000 ko suna da zane, mutum 110 suka amsa cewa suna da shi, waɗanda suka ƙi amsawa kuma aka hore su. A ƙasar Sin, hukumar wasanni ta hana 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasa yin sabon zane a ƙarshen 2021. Kamfanin jiragen Emirates na Dubai, wanda matasanmu da yawa ke mafarkin yi wa aiki, ya sharɗanta kada a ga zane a jikin ma'aikacin cikin jirgi yayin da yake sanye da kayan aiki, bai kuma yarda a rufe shi da filasta ko hoda ba. Ashe ke nan zane guda, a dantse guda, yana iya zama abin da ba wanda ya kula da shi a Landan, ya zama sababin kora a Osaka ko Dubai, kuma mai shi ba ya da ikon sanin ƙasar da neman abinci zai kai shi nan da shekara goma.

Akwai kuma wani nau'in zane, wanda ya fi kusa da abin da muka sani, watau zanen gado. Mutanen Mawori, 'yan asalin Niyu Zilan, suna da zanen fuska da na jiki wanda ke bayyana zuriyar mutum da matsayinsa, kuma sun daɗe suna kuka da cewa kamfanin jiragen ƙasarsu, Air New Zealand, yana ƙawata jiragensa da alamar al'adarsu, alhali yana ƙin ɗaukar 'ya'yansu masu zanen gado a bayyane. A 2019 kamfanin ya janye wannan sharaɗi, a shekara mai bi kuma Nanaia Mahuta, mace mai zanen gado a haɓa, ta zama ministar harkokin wajen ƙasar, tana ganawa da shugabannin duniya da fuskarta yadda take.

Wannan ya kawo mu gida, domin mu ma ba baƙi ba ne ga aska da fata. Muna da tsagar gado wadda ake gane Bagobiri da Bakabe da Babarbare da ita, muna da tsagar magani, muna kuma da jarfa ta ado. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda wanzami ke zaunar da budurwa a kan tabarma, ya buɗe zabira ya zaro 'yar aska, ya bi wuya ko dantse ko gefen baki yana tsattsagawa ƙanana-ƙanana, sa'an nan ya shafa baƙin tukunya, ciwo ya warke ya bar zane mai duhu wanda za ta tsufa da shi. Sarakuna da alƙalai da manyan hafsoshi sun yi mulki da tsaga a kumatunsu ba wanda ya ga aibinsu, kuma Cif Ladoke Akintola ya riƙe muƙamin Firimiyan Jihar Yamma da cikakkiyar tsagar Yarabawa a fuskarsa. Al'adar tana ja da baya, musamman tun da sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro zane ko tsaga, amma miliyoyin waɗanda aka yi wa ita suna jarirai suna nan da ransu, suna neman aiki kamar kowa. Duk wanda ya mayar da irin wannan mutum baya saboda tsagarsa, ya hukunta shi a kan abin da aka yi masa ranar suna yana ɗan kwana bakwai, ya kuma kusanci abin da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana, na wariya saboda ƙabila ko yanayin haihuwa.

Zanen zamani kuwa hukuncinsa a ƙasar nan a fili yake. Sanarwar ɗaukar hafsoshin sojan Nijeriya takan lissafa cikin sharuɗɗanta cewa kada mai nema ya kasance da zane ko rubutu a jikinsa, kada kuma ya kasance ɗan ƙungiyar asiri. Ranar tantancewa akan tara samari a fili tun da asuba, a sa su tuɓe daga su sai gajeren wando, su jeru, likita da mataimakansa su bi su ɗaya bayan ɗaya, a duba ido da haƙori da tafin ƙafa, a ce a ɗaga hannuwa sama, a ce a juya baya. Wanda aka ga kunama ko sunan wata a kafaɗarsa sai a ce ya fita daga layi, ya ɗauki rigarsa ya kama hanya, ko da kuwa shi ne ya zo na ɗaya a gudu, ko da mahaifinsa akuya ya sayar ya ba shi kuɗin mota. Hukuma tana da uzurinta, domin ƙungiyoyin asiri na manyan makarantu da na unguwanni suna yi wa mabiyansu alamu a jiki, kuma ba mai hankalin da zai so a miƙa bindigar gwamnati ga wanda ya yi wa wata ƙungiya rantsuwa. Amma mun ga inda wannan zato ke kai mutane in aka sake masa linzami. Daga cikin koke-koken da suka fitar da matasa kan tituna a watan Oktoba na 2020, har aka rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga watan, akwai cewa ana tare saurayi a hanya, a bincike wayarsa, a tsare shi, ba don wani laifi ba sai don an ga zane a hannunsa ko kitso a kansa.

Game da hukuncin Shari'a, babu wani ruɗani a cikinsa. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun zo da tsattsauran hani a kan mai yin washmu da wanda ya nemi a yi masa, kuma Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo wannan hani a cikin Risala, littafin da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka sani sarai. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da hani makamancin wannan a Littafin Firistoci, ko da yake malamansu sun saɓa a kan fassararsa. Sai dai malaman da suka haramta aikin ba su tsaya nan ba, sun ci gaba sun yi bayanin halin wanda ya riga ya afka. Imam Nawawi ya tafi a kan cewa a cire shi in zai ciru ba da cuta ba, in kuwa ana tsoron halaka, ko lalacewar gaɓa, ko mummunan tabo, to cirewa ba ta wajaba ba, tuba ta wadatar. Shehu Nafrawi, a sharhinsa na Risala mai suna Alfawakihud Dawani, ya bayyana cewa ba a kallafa wa mai shi ya ƙone shi da wuta, abu ne da aka yi rangwame a kansa, kuma sallarsa ta inganta. To, ya kai mai ɗaukar ma'aikata, mutumin da Shari'a ta yarda ya tsaya a sahu kafaɗa da kafaɗa da kai, ta karɓi sallarsa da tubarsa, da wace hujja za ka ce bai cancanci ya tuƙa motarka, ko ya riƙe maka lissafin shago, ko ya gyara maka kwamfuta ba?

Kafin in kai ga masu ɗaukar aiki, bari in yi magana da matasa, domin su ne rigakafi ke hannunsu. Ya ku 'ya'yanmu da ƙannenmu, 'yan ƙwallon Turai da mawaƙan da kuke gani a waya jikinsu duk zane sun riga sun sami abin yi, ba za su tsaya gaban kwamitin tantancewa da fayil a hannu ba, kuma ƙasar da suke zaune ma'aikaci ake nema a cikinta, alhali a nan gurbi guda ɗaruruwan mutane ke rububinsa, mai tantancewa kuwa dalili yake nema, komai ƙanƙantarsa, da zai rage tulin takardun da ke gabansa. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa ai ana gogewa. Gogewa da hasken leza takan ɗauki zuwa shida zuwa goma ko fiye, tsakanin kowane zuwa da na gaba makonni shida zuwa takwas, watau watanni da yawa, har shekara guda ko fiye, ana jinya, da zafi, da kuɗin da ya ninka na yin zanen sau da yawa. Launin kore da rawaya suna da taurin fita, baƙar fata irin tamu kuma ta fi saurin yin dabbare-dabbare ko tabo mai tudu bayan aikin. Waɗanda talauci ya sa suka koma ga ruwan batir ko ƙarfe mai zafi sun musanya zane da ƙuna, mai duba jiki kuwa da ya ga tabon ya san abin da ke wurin a dā. Ga kuma haɗarin allurar da ba a tsabtace ba, wadda ke ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau daga jiki zuwa jiki, su ma kuma cututtuka ne da gwajin jini ke tonawa ranar ɗaukar aiki. Da na sani ƙeya ce, kuma wanda ya haƙura da sha'awar yini ɗaya ya bar wa kansa ƙofofi a buɗe har tsawon rayuwarsa.

Ku kuwa masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, malamai sun daɗe da fitar da sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci daga ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul Ƙasasi, inda 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da siffofi biyu, ƙarfi da amana. A kansu ne Ibn Taimiyya ya gina bayaninsa na wanda ya cancanci a ba shi muƙami. Ƙarfi shi ne iya aikin, ana kuwa gane shi da jarrabawa da gwaji. Amana ana gane ta da shaidar waɗanda suka zauna da mutum, da malamansa, da wanda ya yi wa aiki a baya. Babu ɗaya daga cikin biyun da ake karantawa a fata. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya biyan kuɗi saboda rubutun da ke bayan buhu, sai ya kwance bakinsa ya tsoma hannu ya ɗebo ya duba ƙwayar, kuma ɗan Adam ya fi buhun gero cancantar a yi masa wannan adalci. Mun sha ganin wanda ya wawure dukiyar jama'a da fata sumul da babbar riga mai aiki, kuma ba a taɓa cewa a daina ɗaukar masu manyan riguna ba.

Ban ce mai kamfani ba ya da haƙƙin tsara yadda ma'aikatansa za su bayyana ba. Yana da ikon ya ce a sa riga mai dogon hannu, musamman a asibiti da makaranta da banki, inda ake hulɗa da yara da dattawa, kuma al'adar mutanen wuri abar lura ce a Shari'a da hankali. Yana da ikon ya ƙi wanda ke ɗauke da alamar ƙungiyar asiri da aka tabbatar, ko hoton batsa, ko rubutun cin mutuncin wani addini ko wata ƙabila, domin a nan ma'anar zanen ce ta zama shaida a kan mai shi. Abin da adalci ke nema shi ne abubuwa uku: a rubuta sharaɗin a cikin sanarwa tun farko, don kada talaka ya ci bashin kuɗin mota daga Gusau zuwa Abuja a kan aikin da ba za a ba shi ba, a rarrabe tsakanin tsagar gado da ta magani da zanen zamani, a kuma horar da masu tantancewa su san bambancin, sa'an nan in an ga zane a tambayi mai shi, a saurari amsarsa, domin tambaya ba ta cin minti biyu, zato kuwa yana iya cin rayuwar mutum.

Na san wani zai ce, in aka sassauta wa masu zane, ai an buɗe wa na baya ƙofa ke nan, kuma tsananin da ake yi shi ne ke tsorata yara. Wannan magana tana da fuska, amma a duba abin da take haifarwa. Yaron da ya yi zane yana ɗan shekara goma sha shida bai san akwai wani sharaɗin ɗaukar soja ba, ballantana ya ji tsoronsa, don haka tsananin bai hana shi komai ba, sai dai ya same shi bayan shekara takwas, lokacin da ya yi hankali, ya gama karatu, yana neman ya rufa wa kansa da iyayensa asiri. In aka kore shi daga kowace ƙofa ta halal, akwai masu jiransa da hannu biyu, su ne 'yan daba, da dillalan ƙwaya, da 'yan siyasar da ke neman ƙarti lokacin zaɓe, kuma ba ɗayansu da zai tambaye shi abin da ke dantsensa. Da haka sai mu mayar da shi abin da muka zarge shi da shi tun farko, mu kuma ce ai dama mun faɗa. Malaman usulu sun koyar da cewa ba a kawar da ɓarna da ɓarnar da ta fi ta girma, kuma zaman banzan matashi mai ƙarfi ya fi ɗigon tawada a fatarsa haɗari ga al'umma nesa ba kusa ba. Wurin tsanani shi ne gida da makaranta da mumbari, tun abin bai auku ba.

Saboda haka kirana ga iyaye da malaman makaranta da limamai shi ne su faɗa wa yara wannan magana da wuri, da hujjarta ta addini da ta lafiya da ta neman abinci, tun suna sakandare, kafin aboki ya ja su shagon mai zane. Kirana ga hukumomin lafiya shi ne su sa ido a kan waɗannan shaguna, su hana su taɓa wanda bai kai shekara 18 ba, kamar yadda dokar 2003 ta tanada. Kirana ga rundunonin tsaro da ma'aikatu da kamfanoni shi ne su bayyana sharuɗɗansu a rubuce, su keɓe tsagar gado daga hani, su kuma bar hanyar bincike da uzuri ga wanda zanensa ba ya ɗauke da wata mummunar ma'ana. Wanda bai yi ba, kada ya yi. Wanda ya riga ya yi, ya tuba ya rufe, ya riƙe sana'arsa da gaskiya, mu kuma mu ba shi aikin da ya iya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.